Yadda na bi matakan koyon fasahar koyarwa a NCE, daga ɗakin kwamfuta har jarrabawar TRCN

Assalamu alaikum. Tunda aka fara rijistar sababbin ɗalibai, ƙannenmu da suka samu gurbi a kwalejin ilimi suke ta turo min tambayoyi kusan iri ɗaya, wai Anti dole ne sai mutum ya mallaki laftof kafin ya yi NCE, wai mene ne maikro ticin ɗin da ake tsorata mu da shi, wai da gaske ne jarrabawar TRCN ta rijistar malamai a kwamfuta ake yinta. Sai na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya gudana a kaina daki-daki kowa ya karanta. Ni ilimin firamare na karanta, wanda muke ce wa PED, a wata kwaleji nan arewa maso yamma, sunanta ba shi ne abin dubawa ba tunda hukumar NCCE da aka kafa a 1989 ita ke fitar da manhajar duk kwalejojin ilimi na ƙasar nan, don haka abin da za ku tarar zai yi kama da nawa sai dai ɗan bambancin kayan aiki da na malamai. Abin da na so a ce an faɗa mana tun farko shi ne harkar fasahar nan ba kos ɗaya ba ce da za a haddace a wuce, matakai ne a jere, kuma duk abin da ka tsallake a na baya yana nan yana jiranka a na gaba.

Tun daga rijista abin yake farawa. Za a ce ku je ku ciro lambar biyan kuɗi da ake kira RRR ku biya ta Remita, sannan ku koma fotal ku cike kwasa-kwasai, yawancinmu kafe muka nufa muka miƙa wa yaron kafe takardu muka koma gefe muna jira, shi ya buɗe wa mutane imel, shi ya ƙirƙiri lambar sirri, ya buga takarda ya miƙo aka biya shi aka tafi. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya sai da muka kai NCE 2 wani malami ya ce a tura aiki ta imel sannan ta gane ba ta san lambar sirrinta ba, yaron kafen kuma ya bar garin. Dan Allah ko a kafe za ku yi, ku ja kujera ku zauna kusa da shi, imel ɗin ya zama naku da lambar wayarku, ku rubuta lambar sirrin a wani wuri. Sannan ku duba rasit ɗinku da kyau, a namu akwai kuɗin ICT a cikin jerin abin da muka biya, ma'ana ɗakin kwamfutar nan haƙƙinku ne ba alfarma ba.

A NCE 1, wato shekarar farko, aka fara mana kos ɗin kwamfuta a ƙarƙashin GSE, ɓangaren darussan gama-gari, wanda kowane ɗalibi sai ya yi ko me yake karantawa. A babban ɗakin lakca ake yi, ɗalibai maƙil wasu a tsaye wasu a taga, malamin yana iya ƙoƙarinsa wallahi amma a allo yake zana mana kibod da maus da alli, mu kwafe, mu sayi handawut mu haddace ma'anar hadwaya da softwaya. Kamar a koya miki tuƙa tuwo a takarda ne ba ki taɓa riƙe muciya ba. Da lokacin furaktikal ya zo aka raba mu rukuni-rukuni, kwamfutocin suna da ɗan yawa a ido amma masu tashi kaɗan ne, kowace ɗaya mutum kusan goma sun kewaye ta, kuma abin da ya fi damuna har yau shi ne wanda ya riga ya iya shi ke zama a kujera, galibi maza, mu mata muna baya muna leƙe saboda ba za ki kutsa cikin maza ba, a haka awa guda za ta ƙare a sa hannu a takardar halarta a fito, a rubuce kin yi furaktikal alhali yatsanki bai taɓa komai ba. Na fito ranar raina a ɓace. Akwai wani dattijo mai kula da ɗakin, na tsaya har kowa ya watse na gaishe shi na ce Baba dan Allah yaushe ɗakin nan yake zama ba kowa? Ya ce 'yata ai ranar Juma'a da safe kafin a tafi masallaci kujerun nan hamma suke yi, in akwai wuta ki zo da katinki na ɗaliba ki rubuta sunanki a littafin nan ki zauna, ki zo da 'yan uwanki ma. Da ɗan gari akan ci gari. A wurinsa na koyi riƙe maus, da buɗe folda, da adana aiki a filash, da buga rubutu a Word da yatsa biyu har hannu ya saba. Ban biya ko sisi ba, sai dai jiran wuta, wata ranar mu zauna a baranda har a kira salla ba a kawo ba mu koma hostel.

A NCE 2 ne ake shiga ainihin kos ɗin, wato Edukeshinal Teknoloji, mu dai Edu Tek muke cewa. Shi wannan a cibiyar fasahar koyarwa ta kwalejin, wato CET, ake yinsa, kuma a nan ne mutane da yawa suke rikicewa domin suna zaton kos ɗin kwamfuta ne kashi na biyu. Ba haka ba ne. Malamarmu ranar farko ta ɗaga gwangwanin madara da murfin kwalba ta ce duk abin da zai sa yaro ya gane darasi da ido ko da kunne ko da hannu yana cikin wannan kos ɗin, daga allo da taswira da rediyo har furojekta da waya. An koya mana rabe-raben kayan koyarwa, na gani da na ji da masu haɗa biyun da kuma ainihin abu kamar ganye ko dutse da za ka shigo da shi aji, an koya mana ƙirƙirar kaya daga abin da ke kusa idan babu na saye, da wani tsari da ake kira ASSURE wanda taƙaicensa shi ne ka fara sanin su waye yaranka, me kake so su iya a ƙarshen darasi, sannan ka zaɓi kayan da ya dace, ka yi amfani da shi, ka sa yaran su taɓa su yi magana, a ƙarshe ka auna ko an gane. A lokacin don jarrabawa muka riƙe shi, sai a TP, wato lokacin da aka tura mu makarantu koyarwa ta gwaji, na ga ashe shi ne gaba ɗaya aikin.

A nan kuma kashe kuɗi yake farawa, gara ku shirya. Kowa sai ya kawo cat ɗaya da ya zana a kwali da abu ɗaya da ya ƙera da hannu, sannan rukuni ya haɗa darasi a PowerPoint. Kwali, maka kala-kala, gam, leda ta rufe cat ɗin, da buga rahoto a kafe, ni dai sun ci min wajen naira 4,000 a lokacin, yanzu kam na san ya wuce haka. Namu ya faɗo daidai bayan cire tallafin mai na watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, janaretan cibiyar ya zama sai ranar da aka ga dama, ƙarshe kilas ref ya bi mu kowa ya ba da naira 500 aka sayi mai don mu gabatar. Game da aikin rukuni ga abin da ke faruwa, mutum ɗaya mai laftof zai ce ku kawo kuɗi in haɗa, ku kuma ku ji daɗi an sauƙaƙa muku, ranar gabatarwa malama ta nuna wacce ta ga dama ta ce zo ki koma sulayid na uku ki ƙara hoto. Mun ga wacce ta tsaya a gaban aji hannunta na rawa har ta yi hawaye. Mu a rukuninmu babu mai laftof ko ɗaya, a waya muka haɗa namu da WPS Office, kowa ya yi sulayid biyu da hannunsa muka tura wa juna ta Xender ba tare da cin data ba, kuma ya yi. To ga amsar tambayarku ta farko kenan, laftof in akwai hali yana da kyau, in babu wayar Android mai ɗan wuri ta isa ta kai ku har ƙarshe.

Sai maikro ticin. Shi ma a NCE 2 ake yinsa, samista ta farko bayani ne, ta biyu kuma yi. Asalinsa daga jami'ar Stanford ta Amurka ne a 1963, dabarar ita ce a ƙanƙanta komai, darasi na minti biyar zuwa goma, 'yan ajinku kaɗan su zauna a matsayin yara, ka gwada ƙwarewa ɗaya kamar buɗe darasi ko yin tambaya ko amfani da allo ko rufe darasi, a yi maka gyara, ka sake shiri ka sake koyarwa. A tsari ana ɗaukar ka a bidiyo ka kalli kanka. Ɗakin namu akwai kyamara a maƙale a bango amma ba ta aiki, malamin ya ce kowa ya ba abokinsa waya ya ɗauke shi, kuma wallahi wannan ya fi min komai amfani a shekara ukun nan, domin a bidiyon na ga ina magana da allo na juya wa aji baya, na ga muryata ba ta kai layin ƙarshe, abubuwan da ko an faɗa min da baki ba zan yarda ba. Ranar gwaji kuwa jira ne tun safe, an liƙa sunaye a ƙofa, kowa riƙe da lesin fulan ɗinsa da malami ya riga ya sa wa hannu, in babu sa hannun ba za ka shiga ba, ku kula da wannan. Da aka zo kan masu furojekta sai ga matsala, furojektan tsohon yayi ne mai bakin VGA, laftof ɗin da aka aro kuma HDMI kawai gare shi, aka yi ta neman ɗan abin da ke haɗa su har wani ya hau acaɓa ya siyo a kasuwa. Da nawa ya hau bango, darasin Hausa ne na aji uku, duk inda na rubuta ƙ da ɗ da ɓ sai ga ɗan akwati a wurin, ƙofa ta koma akwati da ofa, saboda kwamfutar ba ta da irin rubutun da wayata ta yi amfani da shi. Gabana ya faɗi, amma da yake na zo da katunan kalmomin da na rubuta da maka sai na ɗaga su na ci gaba, malamin ya ce Malama wannan katin shi ya cece ki, ya kuma koya mana a wurin cewa in an gama sulayid a mayar da shi PDF, haruffa ba za su canja ba a kowace na'ura. Masu tambayar yadda ake samun haruffan a waya, ku shiga saitin Gboard ku ƙara Hausa. Kuma kar a yi wasa da kos ɗin nan, wanda bai ci shi ba ba ya fita TP.

TP kuma samistar farko ta NCE 3 ce gaba ɗaya. An fara da taron wayar da kai, aka ba mu takardar turawa da littafin TP da fom ɗin da sufabaiza zai cike, ka kai takardar makarantar da aka tura ka, hedimasta ya sa hannu da hatimi a takardar amincewa, ka dawo da ita ofishin TP. Ku yi fotokofin kowace takarda kafin ku miƙa, ku kuma ɗauke ta a waya, ofishin cike yake da mutane kuma takarda na iya shigewa ƙarƙashin wata. Ni an tura ni wata firamare a bayan gari, mota ɗaya da acaɓa ɗaya kullum. Ranar farko na shiga aji huɗu na duba bango kusurwa huɗu babu soket ko ɗaya, makarantar gaba ɗaya ba a ja mata wuta ba, yara sun haura tamanin rabinsu a ƙasa, allon ma siminti ne da aka shafa wa baƙi. Na tsaya ina tunanin duk sulayid ɗin da muka sha wahala a kansu, a ina zan haska su? Gaskiya a satin farko na ji kamar an koya mana aikin wata ƙasa ne aka turo mu wata.

Na samu hedimasta a ofis na ce ranka ya daɗe ina neman izini in riƙa amfani da waya a cikin aji don darasi. Ya ɗan yi shiru ya ce Malama mun hana malamai riƙe waya a aji saboda wasu hira suke yi yara na zaune, amma in darasi ne ki rubuta a lesin not ɗinki in gani in sa hannu. Wannan izinin ku neme shi tun farko, kar a gan ku da waya a aji a yi muku wata fassara. Darasin da ba zan manta ba shi ne na yadda iri ke tsirowa a Besik Sayans. Kwana biyar kafin ranar na sa yara suka kawo gwangwanayen tumatir muka zuba ƙasa muka shuka wake muka jera a taga, kowane layi da nasa, su ke ba shi ruwa. A gida da dare lokacin da data ke araha na sauke wani ɗan bidiyo na ƙasa da minti ɗaya da ke nuna ƙwayar wake tana fashewa a cikin ƙasa, saiwa na yin ƙasa, kai na ɗagowa, an gaggauta shi. Ranar darasi na cika waya da fawa banki a shagon caji, na raba yaran goma-goma, rukuni ɗaya na wurina suna kallo sauran suna zana abin da suka gani a gwangwaninsu, in sun gama a canja. Wani yaro da tunda na zo bai taɓa buɗe baki ba, ɗan manomi ne, ya kalla ya ce Malama ashe saiwar ce ke fara fitowa ba ganyen ba, a sake min. Na sake masa. Ya je ya tone nasa gwangwanin a hankali da tsinke ya ɗago ya nuna wa 'yan layinsu farar saiwar. Ban haska komai a bango ba amma ajin nan kowa ya gane, kuma da wayar kaɗai na zo babu gwangwanayen da kallo kawai za su yi su manta.

Daga nan na sayi 'yar sifika ta Bluetooth ta naira 3,500, ita ta fi wayar ma aiki domin murya tana isa ga yara tamanin a lokaci ɗaya, hoto kuwa ba ya isa. Da ita nake sa musu karatun Turanci su ji yadda ake furtawa su maimaita, wani lokacin in ɗauki muryar yaro yana karatu in sa masa ya ji kansa, sai ka ga har masu kunya suna ɗaga hannu. Wanda ya tuna darussan rediyo da jihohi suka riƙa sawa lokacin kullen korona a 2020 ya san kunne ba abin rainawa ba ne a wurinmu. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, darussa ne bisa manhajar makarantunmu har da na Hausa, rijista kyauta ce, na samu dabaru da yawa a ciki, ku buɗe tun kuna NCE 1. Sufabaizoji ba sa faɗin ranar zuwa, kawai za ka ga mutum ya shigo ya zauna a baya da fom, kuma a fom ɗin akwai maki na musamman na kayan koyarwa da yadda aka yi amfani da su. Wacce ta zo min ta ƙarshe ta duba lesin not ta ga na rubuta waya da sifika da katuna, ta tambaye ni in caji ya ƙare fa? Na nuna mata cat ɗin da ke naɗe a jakata, ta gyaɗa kai ta rubuta. Abu ɗaya da nake roƙonku, kar ku ɗauki hoton yaran mutane ku watsa a Facebook ko TikTok don a ga kuna TP, amana ce aka ba ku, iyayensu ba su ba ku wannan izinin ba.

Bayan sakamako ya fito sai TRCN, hukumar rijistar malamai da aka kafa a 1993, wadda tun 2017 take yin jarrabawar cancanta a kwamfuta. Masu NCE rukunin D ne. Na tanadi takardar sakamako da hotuna fasfo da shaidar biya ta Remita, na cike fom, na buga silif mai ɗauke da cibiya da rana. Kuɗin yana canjawa, don haka ku tambaya a ofishinsu na jiharku ko ku duba shafinsu, kar ku ba wani a hanya ya ce zai yi muku. Ranar jarrabawa ku je da wuri da silif da katin shaida, ana tantancewa kafin a shiga kuma rukuni-rukuni ake yi, za ku iya jiran awanni, ku ci abinci. A lokacinmu tambayoyin zaɓi ne daga abin da aka karanta a kwasa-kwasan ilimin koyarwa na EDU da na GSE, har da Edu Tek ɗin. Mu da muka yi JAMB bayan ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015 mun ɗan saba, amma kusa da ni wata uwa ce da ta daɗe tana koyarwa, na tabbata ta fi ni sanin amsoshin nesa ba kusa ba, sai dai kibiyar maus na guje mata, lokaci na tafiya tana kiran mai sa ido. Na fito ina tausayinta, na kuma yi wa Baba mai ɗakin kwamfuta addu'a.

Ga malamanmu na kwaleji, da girmamawa, muna roƙo a riƙa ware wa mata nasu lokacin ko nasu layin a ɗakin kwamfuta, a daina karɓar aikin rukuni sai kowa ya taɓa da hannunsa, kuma a Edu Tek a ware ko sati biyu ne a koya wa ɗalibai koyarwa da waya da sifika a ajin da babu wuta, tunda can za a tura yawancinmu. Ku kuma ƙannena, in za ku sayi waya ku fi duba girman ma'ajiya da ƙarfin batir a kan kyamara, ku sa mata memori, ku buɗe folda ɗaya tun yanzu ku riƙa tara bidiyo da sauti da hotunan darasi duk lokacin da kuka samu data ko Wi-Fi na makaranta, kowanne ku sa masa sunan darasi da aji don kar ku tsaya nema a gaban yara. Filash kuma ku sayi naku, kar ku riƙa zura shi a kowace kwamfutar kafe domin bairos na cinye aiki, duk abin da kuka gama ku tura wa kanku kwafi ta imel. Wanda za a tura TP bana kuma ya je ya ga makarantar da idonsa tun kafin ranar farawa, ya duba ko akwai wuta, ya ƙirga yaran ajin, ya tambayi inda ake cajin waya a unguwar, sannan ya dawo ya fara rubuta lesin fulan.